Tambaya: me ya sa dodon maciji mugu ne a zanen Turawa amma a na 'yan Sin kaman sarki?

Yar_Almara ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin tarihi da masu zane ku taimake ni da wata tambaya da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanina ne aka ba su aikin makaranta wai kowa ya zano dodon nan mai kama da maciji da ake ce wa diragon, shi ne ya zo ya ishe ni sai da na ɗauko wayata muka zauna muna duba hotuna tare. To a nan ne na lura da wani abu, duk hoton da ya fito daga Turai sai ka ga dodon a ƙasa doki na tattaka shi, wani jarumi ya caka masa mashi a baki ko a ido, ga wata budurwa can gefe tana jiran a cece ta. Amma da muka zo kan na Caina abin ya canza kwata-kwata, shi dogo ne siriri ba fukafukai yana ta yawonsa cikin gajimare har da gemu da gashin baki, kuma ba mai neman kashe shi, a rigar sarki ma ake ɗinka shi.

Sai yaron ya ce min wai Yaya wanne ne na gaskiyan a ciki. Na ce kai duk almara ce babu na gaskiya. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi to in babu shi, ya aka yi mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba kowa ya zana nasa? Wlh shiru na yi, ƙarshe dai na kore shi da cewa cajina ya kusa ƙarewa.

Shi ne na ce bari in kawo nan. Me ya sa maciji ne ko'ina, kuma me ya sa wasu suka mai da shi abin tsinewa wasu abin girmamawa? Sannan su masu zanen nan labarin suke bi sau da ƙafa ko kowa abin da ya ga dama yake ƙarawa? Ba wai na yarda da labaran ba ne fa kar wani ya zo ya min wa'azi, tarihin abin kawai nake son sani.

Malam_Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe min da yaron nan, tambayar da ya ƙure ki da ita manyan masana ma sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta.

Da farko dai su biyun da kuka gani ba dabba ɗaya ba ce tun asali, masu fassara ne suka ɗaura musu auren dole. 'Yan Sin nasu lung suke ce masa. Girkawa kuma, inda kalmar diragon ɗin ta samo asali, drakon a wajensu ƙaton maciji ne kawai, in kika duba zanen jikin tsofaffin tulunansu za ki ga maciji ne zalla ba ƙafa ba fiffike, iyaka wani lokacin su ɗan yi masa gemu. Ƙafafun nan da fukafukai irin na jemage daga baya ne masu ƙawata littattafai a Turai suka riƙa liƙa masa. Da Turawa suka ga na Sin, dogon jiki ga ɓawo ga akaifa, sai suka kira shi da sunan nasu, shi kenan suna ya bi shi.

Amma in aka ce in kama bakin zare guda ɗaya, ni ruwa zan kama. Ki bi labaran ki gani. A Indiya cikin waƙoƙin Rigveda, waɗanda sun haura shekara 3000, akwai maciji Vritra da ya kwanta ya tare koguna, sai da Indra, abin bautarsu, ya fasa shi da aradu sannan ruwa ya ɓalle. A Girka macijin da Kadmos ya kashe kafin ya kafa birnin Thebes marmaro yake gadi, mai kawuna da yawan nan Hydra kuma a fadamar Lerna take zaune. Shi ma na jarumin kan dokin da kuka yi ta gani, Jojin da Kiristoci ke girmamawa a matsayin waliyyi, a labarin da wani limamin coci ɗan Italiya Jacobus de Voragine ya rubuta wajajen 1260, a tafki dodon yake kusa da wani gari wai shi Silene a Libiya. Kuma ba abin mamaki ba ne, maciji da damina yake fitowa, kogi ma in kin hango shi daga kan tudu ai tafiyar maciji yake yi. To inda mutane suka ɗauka shi ne ya riƙe ruwan sai su ƙirƙiro jarumin da zai kashe shi, inda kuma suka ɗauka shi yake kawo ruwan, wa zai kashe mai kawo masa damina? Nan Sin ta faɗo, in fari ya yi tsanani manomansu ɗakunan bautar sarakunan lung suke zuwa roƙon ruwa.

Kuma abin ya daɗe ba kaɗan ba. A 1987 an tono wani kabari a Puyang cikin lardin Henan mai shekara wajen 6000, ƙasusuwan mutum a tsakiya, gefe ɗaya an jera ɓawon katantanwar ruwa an yi siffar lung, ɗaya gefen damisa. Daga baya masu zanensu har ƙa'ida suka kafa wai daga halittu tara aka haɗo jikinsa, ƙahon barewa, kan raƙumi, kunnen saniya, wuyan maciji, ɓawon kifi, akaifar mikiya, tafin damisa da sauransu. Sai sarauta ta shigo ciki, tunda duk wanda ake ganin damina a hannunsa take ai shi ne da mulki. Daga zamanin Yuan zuwa Ming da Qing mai akaifa biyar na gidan sarki ne kawai, manyan fadawa huɗu ake yi musu, wanda ya yi gigin sa mai biyar a rigarsa ya ja wa kansa. Tutar ƙasar ma daga 1889 zuwa 1912 shuɗin lung ne a kan ruwan ɗorawa.

Ni dai wanda ya fi burge ni yana Kambodiya, a Angkor Wat da sarki Suryavarman na biyu ya gina a ƙarni na 12. Bango guda mai tsawon mita 49 aka sassaƙa, allolinsu 88 a gefe ɗaya aljanu 92 a ɗaya gefen, sun naɗa maciji Vasuki a jikin dutse suna ja kaman igiya, dutsen ya zama maburgi suna burga tekun madara don su fitar da ruwan rashin mutuwa, kunkuru kuma ya tallafe dutsen ta ƙasa. A nan maciji ba abokin gaba ba ne ba kuma sarki ba, kayan aiki ne. In kin duba can ƙasan sassaƙar za ki ga kifaye da kadoji duk sun daddatse saboda ƙarfin juyin.

Sarkin_Musu ya rubuta:

Malam da girman kujerarka, ka yi bayani amma ni fa ban gamsu duka ba. Wannan rabon da mai tambaya ta yi wai gabas alheri yamma sharri, wanda kai ma ka ɗan bi ta a kai, bai zauna ba. Japan ai gabas ce, gabas da Sin ma, amma a littafinsu Kojiki da aka kammala a 712 macijinsu Orochi mai kai takwas da wutsiya takwas duk shekara sai ya cinye wa wasu tsofaffi 'ya guda, ya ci bakwai saura ta takwas, sai Susanoo, ɗaya daga allolinsu, ya jera masa randunan giya takwas kowane kai ya zura a nasa ya yi tatul ya ɓingire, sannan ya daddatsa shi ya ciro takobi a wutsiyarsa. Jarumi, dodo, budurwa, ina bambancinsa da na Joji?

Sannan yamman ma, macijin da ya naɗe sanda da kuke gani a jikin motar asibiti da tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya WHO daga ina ya zo? Sandar Asklepios ce mai maganin Girkawa. Mutanen Wales jan diragon ne ɓaro-ɓaro a tutarsu kuma alfahari suke da shi. Masar kam duka biyun ta haɗa a gida ɗaya, Apep shi ne mugun macijin da kullum dare yake tare jirgin ruwan da suka ce rana ke tafiya a ciki, a kabarin wani shugaban ma'aikata Inherkhau a Deir el-Medina an zana muzuru mai dogayen kunnuwa kaman zomo riƙe da wuƙa yana yanka shi a gindin bishiya, amma ku duba fuskar zinaren Tutankhamun, me ke goshinsa? Gamsheƙa ce ta fasa kai tana gadinsa.

Maganar ruwa kuma Malam, Fafnir na mutanen arewacin Turai a kan zinare yake kwance. A dutsen Ramsund a Suwidin da aka sassaƙa wajajen 1030, jikin macijin ne ma ya zama layin da aka yi rubutu a ciki, jarumi Sigurd ya luma masa takobi ta ƙasa, can gefe kuma ga shi zaune da babban yatsa a baki don ya ƙone garin gasa zuciyar dodon. Ban ga ruwa a nan ba sam. Ni a ganina abin bai kai haka zurfi ba, ɗan Adam tsoron maciji yake tun fil azal, abin da kake tsoro kuma ko dai ka kashe shi ko ka lallaɓa shi ya zama naka.

Mai_Buroshi ta rubuta:

Ku dai ku yi ta musunku, ni tambayarta ta ƙarshe zan ɗauka don nan ne sana'ata. 'Yar uwa amsar ita ce a'a ba sa bi sau da ƙafa, kuma ba taurin kai ba ne, dole ce. Mai ba da labari yana da "sai kuma, sai kuma", mu masu zane ba mu da shi, lokaci ɗaya tak za ka zaɓa ka tsayar, kuma wanda ka zaɓa ɗin shi mutane za su riƙe a matsayin labarin gaba ɗaya.

Ki nemo Joji na Paolo Uccello, na wajajen 1470 da ke National Gallery a Landan, ki buɗe shi sosai a wayarki. Dodon kore ne mai ƙafa biyu, fukafukansa da wasu zagaye-zagaye kaman na malam buɗe littafi, mashi ya shige masa ta wajen ido jini na ɗiga ta baki. To yanzu ki kalli hannun gimbiyar. Igiya take riƙe da ita, ta ɗaure wuyan dodon tun ana tsakiyar faɗa, kuma ko a jikinta, kaman wadda ta fito kiwo da ɗan akuya. Ranar da na fara lura dariya na yi ta yi ni kaɗai. A labarin sai bayan Joji ya ji masa rauni ne ya ce ta ɗaura masa ɗamararta a wuya ta ja shi cikin gari, shi kuma Uccello ya ga ba zai iya barin ko ɗaya ba sai ya cusa lokutan biyu a allo ɗaya.

Wani lokacin ma zane ne kaɗai ke riƙe da labarin da rubutu ya yar. Akwai wani kofin Girka na wajajen 480 kafin miladiyya, aikin Douris, yana Vatican yanzu, an zana jaruminsu Jason rabin jikinsa a bakin maciji yana reto kai ƙasa hannuwa a sake, allahiyarsu Athena na tsaye tana kallo. Duk littattafan da suka iso mana ba wanda ya ce macijin ya haɗiye shi ya amayo shi, wanda aka fi sani wata matsafiya Medea ce ta sa macijin barci. Ke nan akwai wata ruwaya da ake bayarwa a lokacin da ta mutu, zane irin na kofin nan ne kaɗai ya tsira da ita.

Amma in kina son ganin yadda hannun masu zane ke juya almara to Medusa za ki bi, mai gashin macizan nan da kamfanin sutura na Versace suka sa a tambarinsu. A haikalin Artemis na tsibirin Corfu, wajajen 580 kafin miladiyya, abin tsoro ce tsantsa, faffaɗar fuska, ido a zare, harshe a waje, ɗamarar macizai a ƙugu, an kafa ta can sama don ta kori sharri. Sannu a hankali masu zanen Girka suka riƙa gyara mata fuska har ta koma kyakkyawar mace, ɗaruruwan shekaru kafin mawaƙin Rum Ovid ya zo wajajen shekara ta 8 miladiyya ya rubuta cewa ai da ma kyakkyawa ce, aka ci zarafinta a haikali sannan aka hukunta ta ita. Kafin ya ɗauki alƙalami masu zane sun riga sun share masa hanya. Wajajen 1597 kuma Caravaggio ya zana ta a kan garkuwa ta gaske mai tudu aka kai wa Ferdinando na gidan Medici kyauta, ya zaɓi daƙiƙar da aka sare kan amma ita ba ta gama gane ta mutu ba, baki a buɗe jini na tsartuwa. Wayon da ke ciki, a labarin, Perseus wanda ya sare mata kai ta cikin garkuwa ya kalle ta kaman madubi don kar ya zama dutse, to kai ma mai kallo abin da ya gani kake gani. Na taɓa gwada kwafarsa a bayan wani tsohon faranti mai tudu, sati biyu ina fama fuskar sai ta kumbura kaman ƙwallo, shi kuwa ya yi wasa da inuwa har tudun ya koma kaman rami kan na fitowa daga ciki. Na haƙura na goge abina.

Sai wanda ya biya kuɗin aikin, shi ma da bakinsa a ciki. Mai mulkin Filorens ta Italiya Cosimo na farko ne ya sa Benvenuto Cellini ya zuba Perseus na tagulla daga 1545 zuwa 1554, aka kafa shi a dandalin Filorens ya take gawar Medusa ya ɗaga kanta sama, a garin da bai daɗe da rasa jamhuriyarsa ba, ai ba sai an faɗa maka da wa ake ba. Cellini da kansa ya rubuta cewa da narkakken ƙarfen ya nemi daskarewa sai da ya sa aka kwaso masa kwanonin kuza na gidansa wajen 200 aka watsa a wuta. A Stockholm ma haka, ƙaton Joji na katako da aka ƙaddamar a 1489 a babban cocin garin, wanda ƙayoyin jikin dodonsa da ƙahon dabbar dawa na gaske aka yi su, tunawa ce da nasarar shugaban Suwidin Sten Sture a kan sarkin Denmak a Brunkeberg a 1471. Dodon shi ne Denmak, gimbiyar kuma Suwidin.

Na Sin kuma ki nuna wa ƙaninki lung tara na Chen Rong, 1244, naɗaɗɗiyar takarda ce mai kusan mita 11 tana Boston. Baƙar tawada ce da ɗan ja kaɗan, kuma yawancinsu bai nuna su cikakku ba, kai ya leƙo nan akaifa can, sauran hazo da igiyar ruwa sun rufe. Suna da labarin wani mai zane Zhang Sengyou na ƙarni na 6 da ya zana lung huɗu a bangon haikali ya ƙi sa musu ƙwayar ido wai in ya sa tashi za su yi. Aka matsa masa ya ɗiga wa biyu, sai tsawa, bango ya tsage suka yi sama, biyun da ba ido suka zauna.

Yar_Almara ta rubuta:

Kai Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan samu haka ba gsky. Anti Mai_Buroshi na je na buɗe na Uccello ɗin, wlh igiyar na nan, ni da yaron mun kusa faɗuwa don dariya. Malam ga wata kuma, na ci karo da wani hoto baƙi da fari yana yawo a intanet, wani mai fukafukai huɗu da abu kaman walƙiya a hannu biyu yana korar wani dodo mai kan zaki, an rubuta a ƙasa wai allolin Babila ne, Marduk da Tiamat. Su ma maciji ne nasu ko yaya? Don ni zaki na gani da fiffike.

Baba_Matafiyi ya rubuta:

'Yata kafin Malam ya dawo bari tsoho ya sa baki. Ni ba malami ba ne, yawo ne ya nuna min ɗan abin da na sani. Medusar nan na gan ta ido da ido a Istanbul, a ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da sarki Justinian ya gina a 532, ginshiƙai 336 a tsaye cikin ruwa. Kana sauka matakala sanyi zai buge ka, ruwa na ɗiga maka a ka, ka yi ta bin gada har can ƙurya, sai ga ƙaton kai na dutse a ƙarƙashin ginshiƙi an kifa shi kai ƙasa duk ya yi kore, na kusa da shi kuma an kwantar da shi a kan kumatu. Mai yi mana jagora ya ce wai don a karya ƙarfin idonta ne. Ni dai da na tsaya na duba, na fi ganin magina ne suka rasa dutsen da zai cike musu tsawo suka ɗauko daga tsohon gini suka juya shi yadda zai zauna daidai. Abin da kakanni ke kafawa a saman haikali jikoki suka yi wa ginshiƙi matashi da shi a cikin duhu.

Maganar gabas da yamma kuma ku tuna akwai hanya a tsakani kuma fatake na bi. Mawaƙin Iran Firdausi ya gama littafinsa Shahnameh a 1010, dodannin ciki mugaye ne, su Rustam da Bahram Gur ke kashe su, ga kuma Zahhak azzalumin sarkin da macizai biyu suka tsiro masa a kafaɗu ba sa cin komai sai ƙwaƙwalwar samari, har Faridun ya ɗaure shi a dutsen Damavand. To bayan Mongol sun ci Bagadaza a 1258 dangi ɗaya ne ke mulkin Iran da Sin, siliki da tangaran suka riƙa kwararowa, masu zanen Iran suka ga lung ya yi musu kyau suka ɗauke shi, tun a fadar Takht-i Sulayman ta shekarun 1270 yana jikin tayil. Sai ka buɗe Shahnameh ta bayan nan ka ga dodo da siffar Sin sak, dogon jiki yana murɗawa, amma jarumi na sheƙa masa takobi. Sun ari jikin sun bar wa masu shi halin. Kwafin da aka yi wa Shah Tahmasp mai zane 258, wanda aka kai wa sarkin Usmaniyya ta Turkiyya Salim na biyu kyauta a 1568, daga baya wani attajirin Amurka ya saye shi a 1959 ya warware shi aka riƙa rabawa da sayarwa shafi-shafi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga wata ma da za ta yi wa mai zane daɗi. Mami Wata da mutanen gaɓar teku a Afirka ta yamma da ta tsakiya ke faɗa, hoton nan da aka san ta da shi, mace mai tulin baƙin gashi riƙe da maciji, asalinsa fosta ce ta tallan wata mai wasa da maciji da aka buga a Hamburg a shekarun 1880. Ta iso gaɓa, mutane suka gani suka ce ai ita ce, a shekarun 1950 aka sake buga ta da yawa a Bombay aka yi ta shigowa da ita. Aljanar ruwa ta daɗe a labaransu amma fuskar daga maɗaba'ar Jamus ta fito.

Malam_Tarihi ya rubuta:

Baba mun gode, wannan ta Hamburg kam ta cancanci zare nata daban.

Sarkin_Musu ka ci sunanka. Na yarda rabon gabas da yamma bai zauna ba, su 'yan Sin ɗin ma suna da mugayen dodannin ambaliya da jarumansu ke kashewa. Amma ruwa ba zan sake shi ba. Apep ɗinka ta yaya yake tare jirgin rana? Shanye ruwan kogin yake don jirgin ya kafe a yashi. Fafnir kuma ka manta inda Sigurd ya haƙa ramin da ya ɓuya a ciki, a kan hanyar da dodon ke bi zuwa shan ruwa ne. Wannan ta biyun da ƙyar na jawo ta na sani, amma na jawo.

Ƙanwata idonki ya fi na wanda ya rubuta sunan. Hoton nan ba Marduk da Tiamat ba ne, kwafin wata sassaƙa ce daga haikalin wani abin bautarsu Ninurta a Nimrud ta Iraƙi, zamanin sarki Ashurnasirpal na biyu da ya yi mulki daga 883 zuwa 859 kafin miladiyya, tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Masana yanzu sun fi ganin Ninurta ne ke korar Anzu, dodon tsuntsu mai kan zaki. Tsofaffin littattafai ne suka liƙa masa wancan suna aka yi ta kwafa har ya iso wayarki. Ita Tiamat teku ce, a allunan Enuma Elish guda bakwai an ce Marduk ya tsaga ta gida biyu ya yi sama da ƙasa, Dijla da Furat suka kwararo daga idanunta, ruwa dai kuma. In dodon Babila na ainihi kike nema ki duba Ƙofar Ishtar da Nebukadnezzar na biyu ya gina wajajen 575 kafin miladiyya, wadda aka sake haɗawa a Berlin. Yana nan jere a kan shuɗin bulo, mushussu, kan maciji mai ƙaho, ƙafafun gaba na zaki na baya na mikiya, yana tafiyarsa tsaf kaman dabbar gida don na Marduk ne.

Yar_Almara ta rubuta:

Toh ga yadda aka ƙare. Yaron ya zana nasa jiya da daddare, ya ɗauki dogon jiki da ƙahon barewa na Caina, ya liƙa masa fukafukan Uccello masu zagaye, akaifa biyar-biyar, har da wata 'yar yarinya a gefe riƙe da igiya wai ni ce. Amma fa ya ƙi sa masa ido. Na ce ka ƙarasa mana malaminku zai ce ba ka gama ba, ya ce sai ya je aji zai ɗiga don in ya tashi ya fasa bangon makaranta ba na ɗakinmu ba.

Sarkin_Musu ya rubuta:

Akaifa biyar kika ce? Ki ce masa ya gode wa Allah ba a zamanin Ming yake ba, da ya shiga uku.